Jakar Idirisa a Akwatin Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa da bazarar nan ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan maƙwabta. Ita ce bazarar da na kusa kashe baƙona da Faransanci. Na san wani zai ce yaushe harshe ya zama makami. Ni ma haka nake zato kafin abin ya faru.

Ni dillalin albasa ne a wani ƙauye na ƙasar Wurno, can wajen Kwargaba. Boko aji uku na yi, na ukun ma rabinsa a gindin mangwaron hedimasta na yi shi da dutse a hannu. To sa'ad da nake saurayi na tafi cin rani Nijar, wajen Ƙonni, ina sayar da rake a bakin wata lakwal, wato makarantar bokonsu. Kullum da hantsi yara kan ɗauki wani karatu da murya ɗaya, ina jin su ta taga: je suwi, tu e, il e, nu som, bu zet, il son. Wata huɗu ina jin wannan abu har ya zauna mani daram. Ban taɓa tambayar kowa abin da yake nufi ba. Na haɗa da wi, wato i, da bonjur ta gaisuwa, da marsi ta godiya, na ɗaure kayana na dawo gida. Wannan shi ne dukan Faransancin da na mallaka a duniya, har yau ɗin nan da nake ba ku labari.

Ranar da na fara rera shi a majalisa, wallahi don a yi dariya na yi. Sai wani tsoho ya riƙe baki ya ce, "Kai, yaron ga ya kwaso Faransanci." Ban ce na iya ba. Amma kuma ban ce ban iya ba, kuma a tsakanin waɗannan biyun na yi zaman shekara arba'in.

Na ƙware, ba a magana. In ina son in nuna fushi sai in ɗaure fuska in ce bu zet, il son. In gaisuwa ce in sassauta murya in ja nu som. In rediyo ta kamo tashar da ake Faransanci a ce, "Mi suka cewa?" sai in kasa kunne in kaɗa kai in ce maganar gwamnati ce (ban taɓa kuskure a wannan ba). In an kawo gwangwanin irin albasa daga Nijar mai rubutu a jiki, in riƙe shi nesa da ido in ce sun ce a yi ban ruwa safe da marece, a kula da ciyawa. Wane manomi zai yi gardama da haka? Fataken Nijar kuwa duk Hausa suke ji, in ɗayansu ya jefo mani Faransanci sai in ce, "Haba, a yi Hausa saboda jama'a, kada a ce muna cin naman wani." Har yabona ake yi da ladabi. Da haka sunana na yanka ya ɓace, yaro da babba sai Nusom, masu kunya su ce Baba Nusom.

Mutum ɗaya ne ke yi mani wani irin kallo, ita ce uwargidana Ige. Ta taɓa ce mani tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, "Malam, wanga Faransanci naka kullum shi ɗai na? Ba shi da ƙanne?" Na ce mata abin maza ne. Ta ce to.

Sai in ɗan yi bayanin yadda muke aiki, don wanda bai san kasuwar albasa ba. In baƙo ya zo saye daga nesa, ba a barinsa ya yi ta yawo. Sarkin Dillalai ne ke damƙa shi ga mutum ɗaya. Kai ne mai masaukinsa: cinsa, shansa, kwanansa, lafiyarsa, duk a wuyanka. In yana da wani abu mai daraja sai ya miƙo maka, kai kuma ka karɓa ba tambaya, ba buɗewa, ka kulle sai ranar tafiya. Buɗe ajiyar baƙo abin kunya ne da ake yi wa jikokin mutum gori da shi. Haka munka tarar, haka muke yi.

Ran nan bayan la'asar, albasa ta fito, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, sai ga Sarkin Dillalai a ƙofar gidana da wani dogon mutum siriri, mai furfura kaɗan a gemu.

"Nusom, ga baƙo Allah ya kawo maka," in ji Sarki. "Idirisa sunanai, daga Abijan yat taho. Ba shi jin Hausa ko ta sannu. Direban da ka yi mai tafinta ya koma Illela gyaran mota, sai jibi ko gata. Layin wayatai ma ba shi kamawa nan. Wa za mu ba shi in ba kai ba?"

Nan ne ya kamata in ja Sarki gefe in faɗa masa gaskiya. Maganar da ba ta wuce numfashi ɗaya ba. Amma mutane sun taru, har da masu leƙe ta katanga, kowa yana son ya ji yau Nusom ya samu abokin hira. Na gyara hula, na miƙa hannu na ce, "Bonjur. Je suwi, tu e, il e."

Idirisa ya yi sakato, sa'an nan ya fashe da dariya, ya ƙarasa mani sauran, nu som, bu zet, il son, yana kaɗa yatsa kamar malami. Jama'a sunka ɗauki sowa. Sarki ya ce, "Kun gani? Har sun saba." Idirisa ya yi mani wata tambaya gajera yana kallon idona. Na ce wi. Ya sake tambaya, na ƙara cewa wi, da ƙarfi.

Na sauke shi a ɗakin zaure. Ya yi alwala munka yi salla tare, wannan kam ba ta buƙatar tafinta. Muna zaune sai ya ga ana fitowa daga cikin gida da zoɓo mai sanyi a leda, don Ige tana da firjin sola, da shi take sana'a. Ya karɓi ɗaya ya taɓa, fuskarsa ta washe. Ya shiga ɗaki ya ɗan jima, ya fito da wata 'yar jaka baƙa mai zif, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ya miƙo mani ita da hannu biyu. Ya nuna zoɓon, ya nuna cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga, ya nuna jakar, ya yi magana mai tsawo a hankali, yana tsayawa yana dubana.

Ni kuwa a kaina komai ya fito fili: ga ajiya, kuma yana son ƙarin zoɓo. Na ce wi, wi. Ya dafa ƙirji ya ce marsi, wadda na sani, har na ji daɗi. Na shiga turakata na buɗe akwatin ƙarfen da nake ajiyar baƙi, na sa jakar a ƙasan takardun gona, na datse kwaɗo, na zura mabuɗi a aljihu. Ko Ige ban faɗa wa ba, ajiya ba abin talla ba ce. Sa'an nan na sa anka fito masa da zoɓo biyu.

Turakar nan rufin kwano ce, ba sili. Da rana ko ƙadangare ba ya zama cikinta.

Washegari ana sallame asuba na hau mota zuwa Goronyo neman masa kaya wurin masu noman rani. Ban tashe shi ba, kuma ban tafi da shi ba, don ba a zuwa gona da baƙon fatake. Manomi na hango shi albasa ta zama zinariya. Niyyata in dawo da rana. Amma mutumin da na je wurinsa ya tafi jana'iza, jira ya ja ni, kuma kowa ya san hanyoyinmu yanzu, in rana ta karkata mai hankali ba ya hawa su. Sai na yanke in kwana.

Abin da ya faru a gida bayana, daga baya na ji shi. Idirisa ya tashi ya nemi ni bai gan ni ba. Ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida yana sallama, yana nuna ciki. Ige daga bayan labule ta ga baƙo na nuna wajen firji, ta aiko masa da zoɓo. Ya girgiza kai ya sake nunawa, ta ce Allah sarki bai ƙoshi ba, ta ƙaro wani, har da ƙarin suga don karramawa. Ga zafi, ga ƙishirwar da ta fara cinsa, ruwan randa ya ƙare, ya sha abin da ya samu. Ya zana jaka a ƙasa da tsinke, maƙwabta sunka duba sunka ce a bari mai masaukinsa ya dawo, shi ke jin maganarsa.

Wajen azahar wayata ta yi ƙara. Ina tsaye a bakin fadama, manoma kusan goma kewaye da ni.

"Nusom, baƙonka ba shi da daɗi," in ji Sarki. "Sai shan ruwa shikai yana zagayawa. Ga shi ka ji mi a matsalatai."

Na ji muryar Idirisa, ta dushe, yana magana da sauri. A ciki na tsinci je suwi har sau biyu, sauran kuwa kamar ruwa a kan kwano. Na dubi manoman nan, duk suna kallon mutumin da ke waya da ƙasar waje. Na juya baya kaɗan, na sa hannu a ƙugu na ce, "Wi. Wi. Nu som." Ya sake magana, wannan karon da wani harshe dabam da ko ni na ji ba irin na farko ba ne. Na ce wi.

Sarki ya karɓa. "Mi yac ce?"

"Gajiyar hanya ta. A dama mai hura da zuma, shi kwanta."

"To ai yana nuna cikinai da yatsa kamar mai yin allura. In kai shi wurin Sista?"

Wannan wurin ne nake jin nauyin faɗa, amma tunda na fara sai in ƙarasa. Sista Rahila ita ce ma'aikaciyar ɗakin shan maganinmu, mutuniyar Zuru, mai ilimi. A cikin ƙiftawar ido zuciyata ta raya mani cewa mai ilimi tana iya jin wani abu a Faransanci, ta gane ni ban ji. Sai na ji bakina yana cewa, "A'a, cewa yay yi ba shi son allura. Ku bar shi sai na zo."

Na kashe waya. Wani manomi ya ce, "Kai, ilimi daɗi." Na yi murmushi. Na ci tuwo a gidan abokina na yi barci (da in ce ban yi barci ba, amma na yi alkawarin gaskiya, har minshari anka ce na yi).

Da hantsi na sauka a ƙauye na tarar zaure wayam. Ige ta leƙo, ido jawur, ta ce tun da safe baƙo ke amai, numfashinsa ya sāke, Sarki ya ce ko yana so ko ba ya so sai an kai shi. Na nufi ɗakin shan magani. Tun daga nesa na ga taro a bakin taga. Da sunka hango ni sai anka fara darewa ana cewa, "Alhamdu lillahi, ga Nusom nan." An buɗe mani hanya kamar babban likita ya iso.

Idirisa na kwance, an ɗaura masa ƙarin ruwa. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, yana jan numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu. Kwana biyu kacal, amma sai ka ce wani mutum ne anka musanya. Sarki na tsaye a kansa da carbi.

"Baba, gara da ka zo," in ji Sista Rahila. "Na gwada jininsa, sugansa ya hau har abin gwajin ya kasa nunawa. Ina so ka tambaye shi abu uku. Yana da maganin da yake amfani da shi? Wane iri ne? Yaushe ya yi na ƙarshe? Yi sauri, don hankalinsa yana tafiya yana dawowa."

Na sunkuya. Na ce bonjur, don ban san abin da zan ce ba. Ya buɗe ido da ƙyar, ya gane ni, ya kama hannun rigata ya riƙe. Ya ce, "Je suwi," sa'an nan ya ci gaba da wasu kalmomi, ya tsaya ya huta, ya sake farawa daga je suwi. A ranar na fara lura cewa shi in ya faɗi kalmar nan ba ya tsayawa a kanta, kullum akwai abin da ke biye, kuma abin da ke biyen shi ne maganar. Bakina da ya saba ya buɗe da kansa, na ce, "Tu e," sai na ga yadda yake dubana. Ba harara ba ce. Kallon mutum ne da ya jingina da bango ya ji bangon yana tafiya.

"Me ya ce, Baba?"

Ina da amsa a shirye, har guda uku, shekara arba'in ina ƙera irinsu. Na dubi hannunsa a kan rigata. Na ce, "Ban sani ba."

Sarki ya tsayar da carbi. "Mi kac ce?"

"Ban jin Faransanci, Sarki. Ban taɓa ji ba. Karatun yara na, ta taga nij ji shi."

Na yi zaton za a yi dariya, kuma da an yi da na ji sauƙi. Ba wanda ya yi. Sista Rahila kaɗai ba ta ɓata lokaci a kaina ba. Ta zaro waya ta kira wani ɗan cocinsu, Malam Yohanna, mai koyar da Faransanci a wata sakandare wajen Rabah. Ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta kara wayar a bakin Idirisa.

Sun ɗan jima, shi yana tambaya a hankali, wannan yana amsawa a guntu-guntu. Sa'an nan muryar Malam Yohanna ta cika ɗakin.

"Ya ce ya daɗe da ciwon suga, allura yake yi wa kansa safe da yamma. Rabonsa da ita tun shekaranjiya da yamma. Ya ce maganin yana cikin baƙar jakar da ya ba mai masaukinsa ya sa masa a firji, don ba ya son zafi." Idirisa ya ƙara wata magana. "Akwai saura. Ya ce jiya ya yi ta roƙo ba a ba shi ba. Yana tambaya, in wani laifi ya yi wa mai gidan, a gaya masa ya ba da haƙuri, a taimaka a ba shi jakarsa."

Duk ido ya dawo kaina. Na sa hannu a aljihu, ga mabuɗi.

Rabona da gudu tun ina da baƙin gashi, amma ran nan na yi shi, babbar riga a kafaɗa, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya ban waiwaye shi ba. Da na taɓa akwatin sai da na janye hannu don zafi. Na fito da jakar ina haki. Ige na tsaye a tsakar gida, ta dubi jakar, ta dubi firjinta, ta gane komai ba tare da na ce uffan ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Malam, da hannuna nib ba shi zoɓo huɗu. Da suga." Ban taɓa jin muryarta haka ba.

Sista ta zuge zif a gabana: 'yan kwalabe ne da allurai, an jera su tsaf. Ta taɓa kwalba ɗaya a kumatunta ta girgiza kai. Ta ce maganin ya sha zafi, ba ta san ƙarfin da ya rage masa ba, kuma inda jikinsa ya kai yanzu ya fi ƙarfin nan, sai Sakkwato, yanzu-yanzu, tun rana na sama.

A motar Sarki munka tafi, shi yana tuƙi, Sista a gaba riƙe da ledar ruwa ta bayan kujera, ni a baya da kan Idirisa a cinyata. Duk ramin da munka faɗa sai in duba ko yana numfashi. Na karanta duk abin da na sani, na maimaita. Sai da munka wuce Achida Sarki ya dube ni ta madubi.

"Jiya da kac ce ba shi son allura, shi yac ce, ko kai?"

"Ni na."

Ya kaɗa kai ya mai da ido kan hanya. Mun yi shekara talatin muna tsokanar juna da mutumin nan, ba abin da bai taɓa kirana da shi ba. Da ya zage ni ran nan da na gode masa.

Allah ya yi da sauran kwanan Idirisa. Likita ya ce da an ƙara wuni ɗaya da labarin ya zama wani. Kwana shida ya yi a asibiti, ni ne mai jinya, ina kwana a tabarma a baranda. A kwana shidan nan ban ce wi ko sau ɗaya ba. In ya nuna abu ban gane ba sai in ɗauko abubuwa ɗaya bayan ɗaya har in dace. Ashe ana iya haka.

Bayan an sallame shi, Malam Yohanna ya hau babur ya zo duba shi. Ɗan gajere ne mai tabarau, da zan haifi kamarsa. Munka zauna a zaure mu uku. Na ce masa, "Malam, ka roƙa mani gafara wurin bawan Allah ga. Ka hwaɗa mai duka, har maganar allura, kada ka rage."

Ya faɗa masa. Idirisa ya saurara yana kallon tabarma, sa'an nan ya amsa, Malam Yohanna yana fassarawa.

"Ya ce tun ranar farko ya san karatun 'yan aji ɗaya ka rera masa, ya ɗauka wasa ne na marhabin. Shi ya sa ya tambaye ka ko kana jin Faransanci da gaske, har sau biyu, ka ce i. Ya ce ya yafe, don shi ma yana son Allah ya yafe masa. Amma ya ce da ka girgiza kai sau ɗaya, Baba, da ya tona rami a gindin randa ya sa maganinsa, haka yake yi in yana tafiya."

Na rasa inda zan sa fuskata, sai na sa ta a tambaya. Na ce, "To Malam, tunda asiri ya riga ya tonu, wanga abu da nika rerawa, mi a ma'anatai?"

Ya cire tabarau yana ƙoƙarin danne dariya. "Je suwi, ni ne. Tu e, kai ne. Il e, shi ne. Nu som, mu ne. Bu zet, ku ne. Il son, su ne."

"Sai mi?"

"Shi ke nan. Kan magana ne kawai. Sai ka ɗora masa abin da kake: ni manomi ne, ni baƙo ne, ni marar lafiya ne."

Wato shekara arba'in ina bin taro ina cewa ni ne, ni ne, ba wanda ya tambaye ni wa, ni ma ban tambayi kaina ba.

Idirisa ya nemi a gaya masa abin da muke cewa. Da ya ji sai ya yi dariyarsa ta farko tun ranar zuwansa. Ya ce ai ni da sauƙi, guda ɗaya na haddace. Ashe ya yi shekaru yana aikin lambun tumatir a ƙasar Sifen, harshensu ne ya gwada mani a waya da Faransanci ya ƙi. Ya ce su can kalmar nan biyu ce. Akwai soi, ta abin da mutum yake kuma zai ci gaba da zama. Akwai estoi, ta halin da mutum ya tsinci kansa ciki, mai wucewa. Ya dafa ƙirji ya ce ciwon sugansa soi ne, tare za su tafi kabari. Kwanciyar asibiti kuwa estoi ce, ga shi ta wuce.

Na ce a tambaye shi, kunya fa, wacce ake sa mata?

Ya yi tunani ya ce estoi.

To, shi dai haka ya ce. Amma mutanen ƙauyenmu ba su je Sifen ba. Sarki ya ɗauke Idirisa ya damƙa wa wani dillali, shi ya haɗa masa kayansa, kuma ban ga laifinsa ba. Tun daga shekarar ba a sake sauke baƙo a zaurena ba, ko wanda ya zo daga Gusau. In na shiga majalisa ana hira sai wani ya ce a yi Hausa saboda Baba. Idirisa kuwa yana zuwa duk shekara, yana biyowa mu gaisa, ya kawo wa Ige atamfa. Maganinsa yana cikin wani ɗan kula mai ƙanƙara da yake rataye a kafaɗa, kuma na lura in zai ba ni hannu sai ya mai da shi ɗaya kafaɗar.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, daidai karatuna. Wuyan da Allah ya ba mu yana juyawa hagu da dama kamar yadda yake zuwa sama da ƙasa, kuma ba a biyan ko sisi. Yaro ɗan shekara biyu ya san wannan. Ni sai da na haura sittin, na kusa binne amanar da anka ba ni, kafin in gwada nawa in ga ashe yana aiki.